Ƙofofin Gafiya

A Goronyo, in sanyi ya shigo, da an yi sallar isha'i kakarmu Hajjo takan hura karan gero a ƙofar ɗakinta mu kewaye ta. Ni take zaunarwa kusa da ƙafarta, tana kirana angonta, wai ango marowaci da bai taɓa sayo mata ko goro ba.

Tatsuniyar da na fi tsana ita ce ta gafiya. Wani manomi ne gafiya ta addabi rumbunsa. Ya ga rami, ya toshe da laka, ya kwana da murna. Washegari ta ɓullo ta gindin tsamiya. Ya toshe nan, ta fito ta bayan danga. Suna cikin haka wata tsohuwa ta biyo ta wurin, ta ce masa gafiya ba ta gina gida da ƙofa ɗaya, ya nemo ƙofofin duka ya rufe su lokaci guda, sannan ya tura hayaƙi. Ya yi hakan, ya kama ta. Da ya leƙa rumbu, babu ko zangarniya.

Kullum sai na yi fushi na ce a sake ƙarshen. Ran nan na tambaye ta abin da ya hana tsohuwar zuwa da wuri.

"Mi kaka so ta yi, angona? Tana bisa hanya. Tahiyar tsohuwa ba ta sauri."

Ina jami'a ciwon daji ya kama Hajjo. Aka kai ta asibiti a Sakkwato, magani ya karɓe ta, har ta koma surfenta. Damina ba ta zagayo ba ciwon ya dawo ta ƙashin baya. Likita ya ce enzayim ɗaya kawai maganin yake tarewa, wato sinadarin da ƙwayoyin cutar ke hayayyafa da shi, su kuwa sai suka sami wani.

Yau aikina ke nan. A ɗakin bincike muna ƙoƙarin haɗa magani ɗaya da zai tare irin waɗannan sinadarai da dama a tare, ba tare da ya illata lafiyayyen jiki ba. Aiki ne mai cin rai, kuma ba ya sauri. Abokaina zane suke gani a kwamfuta, ni tsamiya da danga nake gani, kuma har yau fushin nan na yarinta bai bar ni ba.

Gaisuwar ƙarshe da na je mata, na durƙusa na ce ta daure, ilimin magani nake karantawa, na kusa gamawa. Ta yi 'yar dariya, ta riƙe hannuna.

"Na sani, angona. Kana bisa hanya."