Jajen da Na Kai Gonar Inabi a Kalgo

Muna sallame sallar asuba muka tashi, ni da ƙanwata, kowa da ƙullinta. Rabona da barin Gwandu tun bikin autata, kuma ba yawo ya fitar da ni ba. Akwai itacen inabi a tsakar gidana, mai gidana ne ya zo da reshensa daga Zariya ya dasa, Allah ya jiƙansa. Shekara tara ke nan da rasuwarsa, kuma tun lokacin inabin bai sake yin ɗa ko ɗaya ba, sai ganye. Babban ɗana ya ce da an gama kaka zai tumɓuke shi ya gina ɗaki a wurin, har ya sayo bulo. Na ce ya dakata. Na ji labarin wani mai gonar inabi a Kalgo, zan je in gani da idona.

Motar irin ƙananan bas ɗin nan ce, an cusa mu kamar buhunan albasa. Kuɗin mota kuwa, abin da a da zai kai mutum Sakkwato ya dawo da shi, yanzu Birnin Kabi kawai ya kai mu. Hanya ba laifi. Gero ya nuna, wasu har sun fara yanka, Fulani na tsaye da shanu a bakin gonaki suna jiran a kwashe. Ƙanwata ba ta iya riƙe magana, kafin mu yi nisa duk motar ta san inda za mu. Wani dattijo mai carbi ya juyo ya ce, "Inna, inabi ai da shi Turawa ke yin giya." Na ce masa, "Malam, dawar da ke rumbunka da ita ake burkutu, ka bar noma ta?" Bai ƙara juyowa ba.

A Birnin Kabi muka sauka muka karya da masa. Tana da laushi, amma sun cika mata yis. Daga nan muka shiga motar Kalgo, tafiyar ba nisa. Ƙasar can ta fi tamu ruwa, shinkafa ko'ina kore shar, mata na bin motoci da kifi busasshe a faranti. Ƙanwata ta taya, ta ji tsada, ta ce kifin ma bai bushe ba.

Gonar tana bayan gari, sai da muka hau babur. An kewaye ta da waya, ga rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Ni na taho da tunanin zan shiga inuwa mai duhu kamar ta gidana. Da aka buɗe ƙofa sai na ga sanduna tsirara jere a kan waya, ba ganye ko ɗaya, kamar fari sun kwana a wurin. Mai gonar ya taho, magidanci ne da bai wuce sa'an ɗana ba. Na gyara mayafi na yi abin da ya kamata. Na ce, "Ɗana, ashe abin da ya same ka ke nan. Allah ya mayar da alheri. Awaki ne ko fari?"

Ya rusuna ya amsa da amin, don yana da tarbiyya. Sannan dariya ta ci ƙarfinsa. Ya ce, "Inna, ni ne farin. Da hannuna na yi, shekaranjiya."

Ya ba mu tabarma da ruwa, ya yi bayani. Shi inabi, in damina ta ja baya, hana shi ruwa ake yi na ɗan lokaci, a datse rassan da almakashi, a zage ganyen tas, sannan a zuba taki a sake masa ruwa. A sabon toho yake yin 'ya'ya. Wanda aka bari da tsohon ganyensa, inuwa kawai zai yi ta bayarwa. Ya ce 'yan kayan marmari na Birnin Kabi ke kwashe nasa, wasu mata kuma su matse ruwan su sa a firji su sayar. Ya ciro waya zai nuna mini hotuna, na ce ya mayar da ita aljihu, ni ba na sayen abin da ban taɓa ba. Sai ya kai ni ƙarshen gonar, layin da ya datse tun makonni uku. Nan na duƙa na ga toho, a jikinsa wasu 'yan ƙulle-ƙulle kore, ƙanana kamar ƙwayar gero. Na taɓa.

Ina duƙe a nan na tuna abin da ban gaya wa kowa a wurin ba. Duk kaka mai gidana kan ɗauki wuƙa ya hau inabin gidanmu yana datsewa, ni kuma in tsaya a bakin madafa ina faɗa, ya lalata mini inuwar da nake tsince shinkafa. Da ya rasu na hana kowa taɓa ko ganye ɗaya, kullum ina zuba masa ruwan alwala, wai ina riƙe amanar mamaci.

Mun ci tuwon shinkafa a gidan mai gonar, miyar ta ji kifi. Ya yanko reshe ya nuna mini inda ake datsewa, ya ce in tafi da shi don kada in manta. Magariba ta yi mana a tashar Gwandu.

Da na dawo gida na hana inabina ruwa kwana goma. Ran na sha ɗaya na ari almakashin tela, na sa matar ɗana ta riƙe mini turmi na hau, na datse rassan, na zage ganyen tas. Maƙwabta suna leƙe ta katanga, wata ta ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Yau mako uku ina tsince shinkafa a rana, kuma toho ya fito da ƙulle-ƙullensa. Ɗana ya tsaya ya daɗe yana kallo, da la'asar ya kira masu kura suka mayar da bulon gefen zaure.

Abin da na ɗauko a Kalgo ke nan: shekara tara ina cewa inabin marigayi nake tsaro, ashe inuwata nake tsaro.