Saniyar Bubayero da Yatsan da Ya Kalli Ƙasa

Bubayero maƙwabcina ne a bayan Agyaragu, Bafulatanin da ya gaji da yawon kiwo ya kafa gida, yana noman doya yana kula da 'yan shanunsa. Ban taɓa ganin mai kunya irinsa ba. Ko ƙafarsa ce ta karye, ka tambaye shi, sai ya ce da sauƙi. Halin nan yana burge ni, yana kuma ba ni haushi.

Da ya sayi babbar waya, ya shiga wani zauren intanet na makiyaya da manoma. A can kowa na jefa tambaya, jama'a su danna yatsa sama ko ƙasa. Wadda ta tashi ita likitocin dabbobi ke fara gani, wadda ta sha yatsa ƙasa kuwa ta nutse. Bubayero kowace tambaya ɗaga ta yake yi, har ta mai son sanin ko akuya na mafarki. A ganinsa mutum ya yi sallama, dole a amsa masa.

Wata safiya Wule, saniyar da mahaifiyarsa ta bar masa, ta ƙi cin abinci, cikinta ya kumbura kamar ganga. Ya zauna ya rubuta gaisuwa mai tsawo a zauren, ya tambayi iyali da ruwan sama, sannan a ƙarshe ya ce wata dabba ba ta ɗan jin daɗi, amma da sauƙi.

Kafin azahar yatsu masu kallon ƙasa sun yi masa rubdugu. Ya zo min da wayar, duk ya rikice.

"Malam, me na yi wa mutanen nan? Shanuna ba su shiga gonar kowa ba."

"Gyarawa za ka yi. Faɗi wace dabba ce, da abin da ke damunta."

"In tsaya gaban baƙi in ce saniyata na mutuwa? Da bakina?"

Muka hau keke napep zuwa Lafiya, wurin Fanen, wata likitar dabbobi. Ta duba wayar ta dafe kai.

"Ah ah, Baba, kai ne? Ni ma na danna ƙasa! Ba hoto, ba bayani. In ba mu tura irin wannan ƙasa, mai matsala na gaske ba za mu gan shi ba."

"Kina da gaskiya," in ji shi, kansa a sunkuye.

Ta biyo mu da jakarta. Muka tarar ƙanensa Safiyullahi ya riga ya sa wa Wule wuƙa don kada ta mutu mushe. Fanen ta taɓa cikin, ta ce da ta ga hoto da safe, da ɗuren man gyaɗa kawai za ta ce a yi mata. Raina ya ɓaci sosai, amma har yau ban san da wa nake fushi ba.

Bubayero ya yi mata godiya, ya sa aka kawo mata nono. Da za ta tafi, ya miƙa mata wayar a hankali.

"Likita, yatsan nan naki, yanzu za ki iya cire shi?"