Ruwan da Na Bari a Jarkar Baba

Ko zan manta komai na ƙuruciyata, ranar da maciji ya sari Baba ba za ta fita a raina ba. Shekaru sun wuce, amma har yau in na ji warin man gas sai ranar ta dawo mini sabuwa.

Lokacin na gama sakandare ina zaune a gida, a ƙauyenmu da ke bayan Minjibir. Baba tsohon direba ne, yana da wata tsohuwar mota mai shan gas da yake ji da ita. In yana gyaranta a gindin darbejiya ni nake miƙa masa sifana, yana yi mini hirar Legas da Fatakwal. Kwanakin nan sun yi mini daɗi.

Da yake gidan mai ya yi mana nisa, a jarka ake sayo masa. Ran nan da safe na ga jarkar ba komai a ciki, ta yi baƙi ƙirin, na ce bari in yi abin kirki. Na wanke ta da sabulu, na ɗauraye, na rufe ban bari ta tsane ba. Da hantsi Baffa, ƙanen Baba, ya sayo mai a cikinta ya juye a tanki.

Bayan azahar muka ji salati daga gonar gyaɗa. Kububuwa ce ta sari Baba a idon sawu. Aka kwantar da shi a kujerar baya, kansa a cinyar Inna, ni a gaba, Baffa ya ja mu. Ba mu yi nisa ba motar ta fara tari tana fizga, can ta mutu. Dawa ta rufe mu hagu da dama, ga shi ba ranar kasuwa ba ce, ko mai babur ɗaya babu a hanyar.

Baffa ya buɗe gaban motar yana ta laluba. "Yaya, ina fulogin nata yake?"

"Kai, rabu da ita, ba babur ɗinka ba ce," in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa. Sai ya kira ni da sunan da yake kirana. "Uwata, wane irin hayaƙi ta yi?"

"Fari, Baba."

"To ko iska ce ta shiga, ko datti ya toshe, ko ruwa. Ku faro daga tanki, ku bi tiyo ɗaya bayan ɗaya."

Da na ji ya ce ruwa sai na tuna jarkar. Na waiwaya, ƙafarsa ta kumbura har gwiwa, Inna tana goge masa jini a dasashi da bakin mayafinta. Baffa ya riga ya shige ƙarƙashin mota yana neman tiyon. Wallahi sai da na yi tunanin in yi shiru, in bari su gano da kansu. Wannan tunanin shi ne abin da har yau yake ba ni tsoro, ya fi macijin.

"Baba," na ce ina kuka, "ni na wanke jarkar. Da sauran ruwa a ciki."

Inna ta buɗe baki za ta yi faɗa, ya ɗaga mata hannu. "Alhamdu lillahi, kin rage mana aiki. Fito daga nan, malam makaniki, ka bai wa uwata wuri."

Daga kwance ya riƙa gaya mini. Na sa kofin shan ruwanmu a ƙarƙashin filtar mai, na kwance ɗan notin da ke gindinta. Abin da ya zubo ya rabu biyu a kofin, mai a sama, ruwa a ƙasa. Na riƙa danna ɗan famfon da ke kan filtar ina zubarwa, har mai zalla ya fito. Na ɗaure notin ƙasa, na sassauta na sama, na ci gaba da dannawa har kumfa ta daina fita. Sau biyu sifana tana faɗuwa mini a yashi.

"Murza makulli, kada ka taka totur da yawa," ya ce wa Baffa. Ta yi gurnani, ta yi shiru. A na uku ta kama. Ta sake mutuwa kafin mu hau kwalta, amma wannan karon ban jira an gaya mini ba, na dira na sake tace ta.

Kafin magariba muka isa asibiti, aka yi masa allurar maganin dafi. Kwanansa tara a asibiti, ya dawo da ƙafarsa yana ɗingishi. Bai taɓa yi mini faɗa a kan maganar ba, sai tsokana: in baƙo ya zo ya ce ga injiniyarsa, ita ke ɓatawa ita ke gyarawa.

Ni dai ban iya dariyar ba. Na san da na ƙara minti goma ina ɓoye laifina, da wataƙila ba a gida zai ƙarasa wannan damina ba. Tun daga ranar, in na yi kuskure nakan faɗa tun ana iya gyarawa.