Tsutsar da na jiƙa a formol

Shekarata ta biyu ke nan a ɗakin shan magani na wani ƙauye kusa da Tama aka kawo mini wani dattijo mai lambun albasa. Farar tsutsa ce kamar zare ke fitowa daga idon sawunsa. Nan take gari ya ɗauka: kurkunu ya dawo! Mai gari ya yanke cewa kada dattijon ya sake taka tabkin da ake ban ruwa sai an san ko wace iri ce.

Ido ba ya iya raba gardamar nan, don akwai tsutsotsin dabbobi masu kama da kurkunu sak. Sai an aika labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, inji ya karanta ƙwayoyin halittarta. A taron horo a Madawa an ce mana a sa ta cikin alkol. Ni kuwa, sarkin iyawa, na ce ai formol ya fi hana ruɓewa, da shi muke adana nama a lakkwal, makarantar da na koyi aikin. Na tsiyaya wa tsutsar formol, na rufe kwalba, na ba mai moto, har ina jin daɗin kaina.

Kullum bayan la'asar dattijon zai ɗingiso ya tsaya bakin ƙofa. "Lokotoro, mi injin ya ce?"

"Baba, a ƙara haƙuri."

'Ya'yansa duk suna ci-rani, babu mai ɗaukar masa ruwa. Ciwon ya warke, amma aka ƙi barinsa ya shiga tabkin. Albasar ta kwanta, ganyen ya koma kamar tsumma.

Da takarda ta iso, layi biyu ne: formol ya lalata ƙwayoyin halittar, ba a iya karanta komai ba. Babu wata tsutsar da za a sake aikawa. Na ninke takardar na tura ƙasan rajista.

Da ya zo, na buɗe baki na ce, "Baba, injin nasu ne ya samu matsala."

Ya ce, "To su wa za su hwaɗa ma mutane ba ni na kawo kurkunun ba?"

Kunya ce ta riƙe mini harshe, da tsoron a ce yaron likita bai san aikinsa ba.

Ya sa hannu biyu ya kama nawa. "Kai dai ka yi iyakar ƙoƙarinka, ɗana. Allah shi saka maka."

Kuma na ce amin.