Maɓalli na Uku a Rigar Dogo

Shekara talatin da huɗu ke nan ina ɗinka wa Dogo rigar aiki, kuma duk iri ɗaya: kaki mai kauri, aljihu biyu, maɓalli biyar. Shagona yana bakin layinmu, gidansa ne na uku daga nan, saboda haka ba ya fita ba ya dawowa sai ya bi ta gaban kekena. Ni tela ne, shi magini. Amma kada ka kuskura ka ce masa magini kawai, yanzu zai haɗe rai. Shi tafkin ninƙaya yake ginawa a bayan gidajen masu hali, kuma a ganinsa tsakaninsa da mai jera bulo akwai tafiyar kwana biyu.

Da ɗaukar kwanon kankare ya fara yana saurayi, a ƙarƙashin wani ɗan kwangila mai faɗan tsiya. A hankali ya iya ɗaurin rodi, ya iya shafe, ya iya jera tayil har ka rasa inda guda ya haɗu da guda. Tafki sittin da ɗaya ya gina da hannunsa. Na san adadin ne don babu makon da ba ya faɗa min, yana zaune a kan bencina yana shan shayina.

Yana da wata hanya ta awo da babu mai ita sai shi. In an gama haƙa rami, sai ya sauka ciki ta ɓangaren da ba zurfi, ya jingina bayansa da bango, ya sa a ja layi da alli daidai maɓallinsa na uku. Nan ruwa zai tsaya. Yakan ce ruwan da ya wuce maɓalli na uku ya fara tsorata mutum, wanda bai kai ba kuma na wasan yara ne. Inci hamsin ne cif daga ƙasa. Shi ya sa nake shan wahalarsa a ɗinki. Akwai shekarar da na gusar da maɓallin nan da rabin inci, ya dawo min da rigar ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwata.

Abin dariyar shi ne, Dogo bai taɓa shiga ko ɗaya daga cikin tafkunan nan ba. Bai ma iya ruwa ba. Ranar da aka saki ruwa, zai tsaya a gefe hannu a baya har ruwan ya taɓa layinsa, sai ya tattara cokalin gininsa da igiyarsa ya fita ta ƙofar baya. Na taɓa tsokanarsa a kan haka, ya ce, "Kai ka taɓa sa rigar ango don kai ka ɗinka ta? Abin da na gina na mai gida ne. Ni nawa ya ƙare a kan layi."

Cikin 'ya'yansa shida, Auta ne ɗan gaban goshi. Tun yana ƙarami in an yi hutun makaranta yake bin uban wurin aiki, shi ke riƙe masa bakin tef ɗin awo. Ya yi karatu ya zama likitan ido, ya sayi gida mai fili a baya, har da bishiyar lemo biyu. Ranar da Auta ya ce yana son a yi masa tafki, Dogo ya shigo shagona ko sallama bai gama ba ya ɗauke allina, ya jawo takardar da nake yanka samfurin riga, ya hau zane. Nan za a yi lanƙwasa, nan zurfin da za a riƙa tsunduma daga sama, nan ruwa zai riƙa zubowa daga kan duwatsu, fitilu shida a ƙarƙashin ruwa. "Na sittin da biyu," in ji shi, "kuma da shi zan rufe." Na ce Allah ya sanya alheri, amma har ga Allah raina bai yi fari ba. Nawa 'ya'yan uku ne, kuma duk kayan kanti suke sawa.

Bayan mako biyu sai ga labari: Auta ya ba wani injiniya aikin.

Dogo bai yarda ba sai da ya gani. Auta ya aiko da mota ranar da za a zaɓi fasalin tafkin, Dogo ya ce sai na raka shi, wai in zama shaida. Muka tarar an ajiye mana kujeru a inuwar lemo, an kawo ruwan sanyi, kamar wasu baƙi. Injiniyan mutum ne mai kimanin shekara arba'in, mai ladabi, ya rusuna ya gaida Dogo har yana cewa ya daɗe yana jin sunansa. Dogo ya amsa da hanci.

Aka fara. Injiniya ya buɗe hotuna a kwamfutarsa yana tambaya ɗaya bayan ɗaya.

"Likita, za a yi ɓangare mai zurfi na tsunduma?"

"A'a," in ji Auta. "A bar shi kusan bai ɗaya."

"Ruwa mai zubowa daga duwatsu fa?"

"Ba na so. Ka ce akwai injin ɗumama ruwa, ko? Shi za a sa."

Dogo ya gyara zama. "A ɗumama ruwa? Shayi za ka dafa a ciki?"

Auta ya yi murmushi kawai. Aka zo kan matakala. Injiniya ya ce tsanin ƙarfe ya fi barin fili, amma in ana son sauƙi sai a gina matakala masu faɗi guda shida, da ƙarfen riƙewa hagu da dama. Auta ya zaɓi masu faɗin. Ya ƙara da benci a cikin ruwan, a jikin bango, inda mutum zai zauna. Tayil kuma ya ƙi mai sheƙi, ya ɗauki wani mai kaushi, launin ƙasa-ƙasa, wanda ƙafa ba ta zamewa a kai.

"Auta," in ji Dogo, "wannan tafki ne ko asibiti? Ka cinye rabin filin da matakala. Ni da na gina sittin da ɗaya ina zaune a nan, ba ka tambaye ni ko launin tayil ba."

"Baba, kai dai ka huta. Ka yi naka."

Sai ya juya ga mutumin ya ce, "Yadda ka ce, Injiniya, haka za a yi."

Na ga fuskar Dogo a lokacin. Takardar zanensa tana naɗe a aljihun hagu, bai fito da ita ba. Sai da mota ta kawo mu bakin layi, sannan ya ce, "Ka ji ko? Ka yi naka. Wato na ƙare."

Daga ranar ya daina ɗaga wayar Auta. Amma kullum da hantsi sai ya sa rigar aiki ya tafi unguwar, ya tsaya a bakin ƙofar baya yana leƙe ta tsakanin ƙarafa. Ya dawo ya zauna a bencina yana ba ni rahoto. Ya ƙirga rodin, ya cika. Ya duba yashin, mai kyau ne. Ya nemi aibu ya rasa, kuma wannan ya fi komai ci masa rai. Wata rana ya dawo ya ƙi shan shayin ma. Da na matsa masa sai ya ce, "Na ga Auta yana riƙe wa injiniyan bakin tef. Suna dariya." Ya ƙara da cewa, "Ni na koya masa yadda ake riƙe shi."

Abin da Dogo bai sani ba shi ne, kwana biyu bayan wancan zaman Auta ya zo shagona. Ya ajiye motarsa nesa, ya shigo ya durƙusa ya gaishe ni.

"Baffa, wata alfarma nake nema. Ina son awon Baba daga ƙasa zuwa maɓallinsa na uku."

"Inci hamsin ne. Kowa ya sani."

"Wancan na da ne. Na yanzu nake so. Ba ka lura da yadda yake tafiya ba? Bayansa da gwiwoyinsa sun gaji. Abokin aikina ya duba shi, ya ce babu abin da zai taimake shi kamar tafiya a cikin ruwa mai ɗumi. Tafkin nan nasa ne, Baffa. In na faɗa masa yanzu, cewa zai yi shi ba majinyaci ba ne."

Washegari na ce wa Dogo rigarsa ta koɗe, ya tsaya in sake awo. Na sauke tef har ƙasa ina yi masa hira don kada ya lura. Inci arba'in da shida. Mutumin da muke kira Dogo ya rage inci huɗu a gabana, ni da nake auna shi ban sani ba, sai ɗansa ne ya gani daga nesa.

Zan faɗi gaskiya a nan, ko da ba ta yi min kyau ba. Auta ya ce min in na ga abin ya yi wa uban nauyi da yawa, in gaya masa kawai. Na ga ya yi masa nauyi. Na ga yana ramewa, na ga ya daina ba da labarin sittin da ɗaya. Amma na ja bakina na tsuke har mako uku. Kishi ne, ba wani abu ba. Ina taka keke ina kallonsa yana ƙorafin ɗan da ya san tsawon ƙirjinsa, ni kuwa babban ɗana ko lambar takalmina bai sani ba. Na ce a raina, bari shi ma ya ɗan ɗanɗana.

Ranar wata Laraba ya shigo da sauri har yana tuntuɓe da bakin ƙofa, fuskarsa a washe, rabon da in ga haka tun ranar zane.

"Tashi mu je. Na kama injiniyan nan. Wani lebura ya gaya min layin ruwan inci arba'in da shida ne. Inci huɗu ya ci. Yau Auta zai san wanda ya ɗauka."

Muka je. An gama kankare, an kafa ƙarafan riƙewa, saura tayil. Auta da Injiniya suna tsaye a baki. Dogo bai gaida kowa ba. Ya nufi matakalar, ya sauka ɗaya bayan ɗaya, kuma na lura hannunsa yana kan ƙarfen da ya kira na asibiti. Ya isa ƙasa, ya jingina bayansa da bango kamar yadda ya yi sau sittin da ɗaya, ya ɗaga murya ya ce, "Ku zo ku ga inda ruwa ya kamata ya tsaya."

Ya sa yatsa a kan maɓallinsa na uku, ya juya ya dubi bangon. Jan layin da Injiniya ya ja yana daidai yatsan, ko gashi bai rage ba.

Ya miƙe ƙirji, ya sake dubawa. Sannan ya ɗago ya harare ni.

"Tela, ka sauke min maɓalli."

"Maɓallinka yana inda yake shekara talatin da huɗu," na ce. "Kai ne ka sauko."

Auta ya bi matakalar ya same shi a ƙasa. Ya yi magana a hankali, amma ramin ya kawo mana ita.

"Baba, da awonka aka ja layin. Matakalar taka ce, bencin naka ne, ruwan ɗumin ma don gwiwarka ne."

"To me ya hana ka ba ni in gina?"

"Da kai ka gina, ranar da aka saki ruwa za ka tattara kayanka ka fita ta ƙofar baya. Sau nawa na bi ka muka fita tare? Wannan ina so ka shiga."

Dogo ya janye daga bangon. Ya je ya zauna a kan bencin kankaren, ya dafa gwiwoyinsa, ya daɗe yana kallon layin. Da ya buɗe baki, da Injiniya ya yi: "Kai, kusurwar can ta hagu ba ta zauna ba. Ka sa a sake ta kafin tayil." Injiniya ya ce to, Baba. Ni na duba kusurwar, lafiyarta ƙalau.

Bayan kwana biyu ya zo shago ya ce in ɗinka masa gajeren wando, mai igiya, kada ya zame a ruwa. Ya ce min munafuki saboda awon da na yi masa da dabara, na ce na karɓa. Ban gaya masa zancen mako ukun nan ba, kuma ba na jin zan gaya masa.

Ranar da aka saki ruwa har da ni. Dogo ya tsaya hannu a baya har ruwan ya taɓa layi, na ga ƙafarsa ta juya wajen ƙofar baya don sabo. Auta ya riƙe masa hannu. Ya cire rigar kakin ya miƙo min, ya kama ƙarfen, ya sauka yana ɗauke numfashi a kowace matakala, har ruwan ya tsaya masa a ƙirji. Jikoki suna ta tafi. Shi kuwa cewa yake ruwan ya cika ɗumi, amma ya ƙi fitowa har yatsunsa suka yamutse.

Ni ina zaune a inuwar lemo da rigarsa a kan cinyata. Da na koma shago na buɗe littafin awo don in gyara nasa, na soke hamsin na rubuta arba'in da shida. Akwai awon mutum sama da ɗari uku a littafin nan, na bi shafukan har ƙarshe. Nawa ba ya ciki, don ba a taɓa zuwa tambaya ba.