Jirgin Legas na Baba Bitrus

Duk wanda ya san Baba Bitrus, yayan mahaifina, ya san yatsan nan. Kuna tsakiyar hira sai ya ɗaga shi sama: "Shhh!" Tsuntsu ya yi kuka ke nan, kowa sai ya haɗiye maganarsa.

Har a coci fa! Ran nan Fasto ya ɗau zafi yana wa'azi, sai ga yatsa a sama. Fasto ya ce, "Baba, akwai tambaya?"

"Babu. Cilakowa ne a kan rufi. Ci gaba, ya tashi."

Tun da ya bar aikin jirgin ƙasa a Kafanchan, kowace Asabar yana kan dutsen Kagoro da madubin hangen nesa mai ido ɗaya, ɗayan ya fashe tun ina goye. Ga littafinsa na rubuta sunayen tsuntsaye a aljihu. Dokarsa ɗaya ce: abin da bai gani da idonsa ba, ba ya rubutawa.

Matarsa, Mama Saratu, ta sha wahala. Tsuntsaye suka sauka a gonar accarta, ta tura shi kora. Ta je ta tarar da shi zaune yana leƙensu.

"Bitrus! Kora na ce!"

"Baƙi ne, Saratu. Daga nesa suka zo."

"To baƙinka su tuƙa maka tuwo yau."

Haka ya kwana da yunwa, yana murna ya ga kala uku.

Amma akwai wani koren tsuntsu mai tukku da jan fiffike da ya ƙi yarda su haɗu. Shekara da shekaru yana jin kukansa a kurmin saman dutse, bai taɓa ganinsa ba. Ya sa masa suna Jirgin Legas, wai kullum ana jin ƙararsa, ba ya isowa. Ya bar masa layi guda a shafin farko, fari fat.

Da idonsa ya mutu, ni nake riƙe masa sanda mu hau. A hawanmu na ƙarshe, muna hutawa, sai ga yatsa a sama. Na ɗaga kai. Kai! Ga Jirgin Legas a reshe, ya buɗe jan fiffiken nan.

"Baba, ga shi! Kawo littafin in rubuta maka!"

"Rifkatu, wa ya gani?"

"Ni."

"To ni ban gani ba."

Na roƙe shi har da kuka. Ya ƙi. Can ya laluba aljihu ya miƙo mini littafin.

"Goge sunana a bango, sa naki. Sai ki rubuta."

Na rubuta. Shi kuwa dariya yake: "Ya iso dai, amma ya yi latti."

Ina kewar taurin kan nan ƙwarai. Ubangiji ya ba ka hutawa, Baba, ya buɗe maka ido a can ka gan shi da kanka. Amin.