Ƙidayar Mutanen Bakin Majiya

Litinin: Illela zuwa Dogarawa

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na hau kamiyo, babbar motar ɗaukar wake. Lokacin ina ƙaramin sakatare, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. An aro ni zuwa Birnin Ƙonni in taya ƙiyasta yawan mutanen da ruwan gulbin Majiya zai iya ci kafin damina ta kankama. A Tajaye jandarma ya duba takardata, ya ce, "Ruwa za ka ƙirga ko mutane?" Direba ya biya Dogarawa sauke kaya, muka isa can da la'asar. Na kwana gidan kawuna, aka ba ni tuwon dawa da miyar kuka.

Talata: Ƙonni

Da sassafe na ƙarasa Ƙonni, ƙarfe tara muna buro, wato ofis. Shugaban aiki ya ce ba ma iya shiga kowane gida: a ƙirga ɗaya cikin biyar, a ninka. Aka ba ni unguwar kwari. Ko'ina a jikin katanga akwai zanen inda ruwan bara ya tsaya, daidai ƙuguna.

Wajen azahar na yi sallama gidan wata tsohuwa, Inna Hassu. Ta ba ni fura.

"Inna, ku nawa ne?"

"Mu ukku na, ɗana."

Na dubi ƙwaryar ci bakwai a kife. Lanho take tsoro, harajin kai.

"Inna, ƙidayar nan ba ta lanho ba ce. Ran da ruwa ya zo, yawan da na rubuta shi za a nema wa wuri a tudu. In kin ɓoye mutum guda, biyar kin ɓoye."

Ta murza bakin zane. Sannan ta fara jero sunaye, har tara. Ta ɗaga labule, ga mijinta kwance.

"Malam ba shi gani. Bara a baya na goyo shi. Rubuta wannan ma."

Na rubuta. Har na kai zaure ta kira ni, jinjiri a hannunta.

"Wagga kwananta huɗu, ba a yi suna ba. Tana shiga?"

"Tana shiga, Inna."

"Mi za ka sa?"

Na sa "jikar Hassu". Ta ce in karanta mata. Na karanta, ta ce in sake.

Asabar: gida

Mun miƙa takardu ran Juma'a. Motar Tawa ta sauke ni Illela ƙarfe shida na yamma, an fara yayyafi. Na gode wa Allah da ya maido ni lafiya, da kawu, da mutanen kwari da suka yarda suka faɗa mini gaskiya.